Tambayoyi da amsoshi: yadda ɗan haya a Maraɗi zai sa kilim, fanka da hitar ruwa su riƙa kunna kansu da kashe kansu

Assalamu alaikum ƴan uwa ƴan haya. Tun da na sa ƴan na'urorin nan a shambur-salon da nake haya a unguwar Zariya, duk wanda ya shigo ya ga fanka ta tashi babu wanda ya taɓa ta sai ya yi tambaya, kuma tambayoyin guda ne suke ta dawowa, daga abokan aiki, daga ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo masu haya kusa da mu, har da matan gidan. Shi ne na ce bari in tara su wuri guda in amsa gwargwadon abin da na gwada da hannuna. Na sa wa kowace lamba, in wata amsa ta rataya ga wata sai in tura ka can.

1. Wai me ake nufi da kunna kai, kuma mu nan me za mu yi da shi?

Ƴar na'ura ce da ke shiga tsakanin bango da kayan wutarka, ta kunna shi ko ta kashe shi bisa lokacin da ka sa mata, ko bisa zafin ɗaki, ko kuma daga wayarka kana kasuwa. Turawa sun fi amfani da ita don ɗumama gida saboda sanyinsu na wata da watanni. Mu namu biyu ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne, da rana ya haura digiri 40, ɗakin kwano ko na dal ya sha rana ya riƙe ta har tsakar dare. Disamba da Janairu kuma hunturu, da asuba ya sauko wajen 13 zuwa 15, ruwan randa ya koma kamar ƙanƙara, alwala sai an cije.

To amfanin shi ne irin su: kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya mutu da kansa ƙarfe 3 na dare lokacin da gari ya riga ya huce kai kuma ka yi nisa a barci, fanka ta karɓe shi, ruwan wanka ya yi zafi kafin kiran sallar farko ba tare da hita ta kwana a kunne ba, in ka fita ka manta da wani abu a kunne ka kashe shi daga inda kake.

2. Gidan ba nawa ba ne, sai na nemi izinin mai gida?

Ga ma'aunin da nake bi. Duk abin da za ka zare da hannu ka jefa cikin jaka ranar tashi, wannan naka ne, ba ka buƙatar izinin kowa. Duk abin da sai an kwance sukurwa, ko an yanke waya, ko an huda bango, ko an buɗe akwatin dijonkter, wato makunnin da ke yanke wutar gida in ta yi nauyi, wannan na mai gida ne, sai da yardarsa. Kusan duk abin da zan ambata a nan na kashi na farko ne, banda hitar ruwa ta bango a tambaya ta 10.

Kuma in za ka nemi izinin ka je da kanka, kar ka aika yaro ko ka tura saƙon murya. Ni da na so in taɓa layin hita sai da na bari bayan la'asar na same shi zaune ƙofar gida, muka gaisa, na ce Alhaji akwai ƴar na'ura da nake son a sa mini a layin hitar bayi, ba za a fasa bango ba, kuma in Allah ya yi tashina zan maida komai yadda na tarar. Ya ce wa zai sa? Na ce mai gyaran wutar da kuka saba kira, ni zan biya shi. Nan take ya yarda, don abin da ke ransa kar wani baƙon hannu ya shiga wutar gidansa. Ka ɗauki hoto kafin aiki da bayan aiki, kuma in dillali ne ya sama maka gidan a yi maganar gabansa, saboda kuɗin kosiyo, wato na ajiya, ranar rabuwa.

3. Na'urorin kala nawa ne?

Waɗanda suka shafi ɗan haya huɗu ne. Akwai piriz mai agogo, soket kamar yadda ƴan Najeriya ke cewa, ka soka shi a bango ka soka kayanka a jikinsa ka sa masa lokaci, ba ruwansa da intanet. Akwai piriz mai wifi irin su Sonoff da Tapo da tarin marasa suna masu aiki da manhajar Tuya ko Smart Life, shi kana sarrafa shi daga waya. Akwai piriz mai ma'aunin zafi, irin Inkbird ITC-308, yana da wata ƴar waya mai jin zafi, in ɗaki ya kai digirin da ka sa sai ya ba da wuta, in ya sauka ya yanke. Sai na huɗu, ƴar kwalbar nan mai kwaikwayon telekomandi, wato rimot, irin Broadlink RM4 mini, ita ba ta yanke wuta ko kaɗan, saƙo kawai take aika wa kilim kamar ka danna maɓalli. Ita ce ta kilim, duba tambaya ta 7 da ta 8.

4. Kuɗina kaɗan ne, da wanne zan fara?

Piriz mai agogo, amma mai lambobi a gilashi, ba mai faifan juyawa ba. Wannan bambancin a garinmu babba ne. Mai faifan yana da ƴan haƙora zagaye, kowane haƙori minti 15, ya fi arha kuma ya fi sauƙin saiti, sai dai faifan da wutar bango yake juyawa, kuran na ɗaukewa agogon ya tsaya cik, in ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Na fara da shi ne a kan fanka, na sa ta tashi ƙarfe 1 na rana kafin yara su dawo lakkol, cikin mako guda na tarar tana tashi wajen la'asar saboda awannin da aka ɗauke wuta sun taru sun ja agogon baya. Mai lambobi yana da ƙaramin batir a ciki da ke riƙe lokaci ko babu wuta. Kafin ka biya ka ce mai shago ya soka shi ya saita lokaci, ya zare, ku jira kaɗan, in lambobin ba su ɓace ba to shi ne.

5. In kuran ya ɗauke ya dawo, me zai faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace, kuma da ita ya kamata ka auna duk abin da za ka saya. Waɗanda suka ƙera kayan nan a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa suka ƙera su. Mu kuwa tun da daɗewa wutarmu ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa take zuwa, kowa ya tuna halin da aka shiga da Najeriya ta yanke a watan Agustan 2023, kuma ko lafiya lau ake, lokacin zafi da kowa ya kunna nasa sai an yi ta ɗaukewa. Saboda haka kar ka tambayi mai shago me na'urar ke iya yi, tambaye shi me take yi in wuta ta dawo ƙarfe 3 na dare kowa na barci.

Piriz mai wifi yana da saiti a cikin manhaja na halin da zai tashi da shi bayan ɗaukewa, zaɓi uku ne: a kunne, a kashe, ko yadda yake kafin a ɗauke. Ga fanka da umidifikater, wato mai sanyaya iska da tankin ruwa, ka sa yadda yake kafin a ɗauke, don a dawo da wuta su ci gaba. Ga duk abin da ke yin zafi ka sa a kashe, ba wani dogon tunani. Sannan ka sani da yawansu ba su da agogon ciki mai batir, suna riƙe jadawalin amma ba su san ƙarfe nawa ba sai sun sake samun intanet, shi ya sa in wifi ɗinka ya yi jinkirin tashi jadawalin na iya tsallake lokaci guda. Maganin wannan yana tambaya ta 13.

Abu na uku wutar da ke dawowa ba kullum take dawowa daidai 220 ba, wani lokaci ta zo da ƙarfi, wani lokaci ta zo kamar fitilar aci-balbal, ko ta zo ta koma ta sake zuwa cikin minti ɗaya. Akwai ɗan akwatin kariya da ake sa wa firij, wanda ke jira ƴan mintuna kafin ya saki wuta kuma ya yanke in ta yi yawa ko ta yi ƙasa. Ka sa shi a bango tukuna, sannan sauran su biyo bayansa. Ka duba dai ampa nawa yake ɗauka, na firij ba zai ɗauki kilim ba, akwai na kilim daban.

6. Na ga an rubuta 10A a wani, 16A a wani, mene ne bambancin?

Nauyin da zai iya ɗauka ne. Ka ninka ampa da 220 ka samu wat: ampa 10 wat 2200, ampa 16 wajen wat 3500. Amma kar ka cika shi maƙil, bar masa sarari, musamman abin da zai daɗe a kunne cikin zafin Afrilu. Fankar sama wajen wat 60 zuwa 75 take ci, ta tsaye ƙasa da haka, su kowane piriz ya ɗauke su. Hita mai wat 1500 ko 2000 kuwa ni ban yarda da mai ampa 10 a kanta ba, sai 16. Wat ɗin kowane kaya na rubuce a takardar da ke manne a bayansa.

Ka kuma kula da baki. Bangon gidajenmu mai ramuka zagaye ne irin na Faransa, kayan da ake kawowa daga Kano da Katsina kuwa da yawa masu ƙafa uku ne faffaɗa irin na Ingila. Sai mutum ya sa adafta kan adafta, abu na lilo a bango, to nan wuta ke kamawa, ba cikin na'urar ba. Sayi mai bakin da ya dace da bangonka. Kuma kar ka soka abu mai nauyi a ralanj ƴar siririyar waya. Bayan rabin awa da kunnawa taɓa piriz ɗin da bayan hannu, ɗumi kaɗan ba komai, in ya yi zafin da ba ka iya barin hannu ko ka ji warin roba, zare shi kar ka sake maida shi.

7. Zan iya sa kilim a piriz mai wifi?

Zai yi aiki amma ban ba ka shawara ba. Kwamfireson kilim, wato injin da ke samar da sanyin, lokacin tashi yana jan wuta ninkin abin da yake ci in ya daidaita, wannan fizgar kullum tana cinye ɗan makunnin da ke cikin piriz har wata rana ya manne ya ƙi kashewa. Kuma kwamfireso na son hutun kamar minti 3 tsakanin mutuwa da sake tashi, in ana yanke masa wuta ana maidowa bagatatan zai gaji da wuri. In kilim ɗin na mai gida ne ka ga ka jawo wa kanka biyan abin da ba naka ba. Bar shi da wutarsa, ka sarrafa shi ta hanyar telekomandi kamar yadda aka ƙera shi.

8. To ita mai kwaikwayon telekomandin yaya take aiki?

Da kan cajar waya take aiki. Ka ajiye ta inda take kallon kilim ba labule ba kwaba a tsakani, ka haɗa ta da wifi, ka zaɓi sunan kamfanin kilim ɗinka a manhaja, in babu shi ka koya mata ta hanyar danna telekomandin gaske a gabanta. Daga nan sai jadawali. Nawa lokacin zafi haka yake: ƙarfe 9 da rabi na dare ya tashi a digiri 25 don ya zare zafin da bango ya sha, ƙarfe 12 ya koma 27, ƙarfe 3 ya mutu, fankar sama kuwa tana juyawa tun farko har safe. 27 da fanka ya fi 22 ba fanka daɗin barci, kuma yara ba sa tashi da mura. Masu sa shi a 16 wai don ya yi saurin sanyi, kilim na gama-gari ƙarfinsa guda ne, 16 ɗin ba ta ƙara masa gudu, hana shi hutawa kawai take yi.

Rauninta ɗaya, aikawa take ba ta jin amsa. In uwargida ta kashe da telekomandi na hannu, ko saƙon ya fita lokacin da babu wuta, manhajar za ta ci gaba da nuna maka abin da ba shi ba ne. Dabarar da nake yi ita ce maimaita umarnin kashewa sau biyu, ƙarfe 3 da kuma 3 da rabi, in na farko ya faɗi na biyu ya kama. Ka kuma gwada ko kilim ɗinka mai tashi da kansa ne bayan ɗaukewar wuta, da yawa haka suke, don kar ka fita aiki ana cikin ɗaukewa ka ɗauka a kashe yake ya wuni yana sanyaya ɗaki ba kowa.

Kafin ma ka sayi komai duba telekomandinka, kusan kowanne na da maɓallin lokaci da na barci. Mutane da yawa shekara da shekaru ba su taɓa danna su ba.

9. Fanka da umidifikater fa?

Su ne suka fi sauƙi, sharaɗi ɗaya: maɓallinsu ya zama irin wanda ake dannawa ya zauna ko ake murɗawa. Gwaji: kunna ta, zare daga bango, maida. In ta ci gaba da juyawa to za ta yi aiki da kowane piriz. In ta yi shiru tana jiran a sake taɓa ta, irin masu telekomandi ke nan, sai dai ka bi da ita ta tambaya ta 8. Fankar sama kuwa wayarta cikin bango take, wannan ya koma tambaya ta 2.

Umidifikater a busasshen zafinmu na Maris da Afrilu yana aiki ƙwarai kuma wutar da yake ci ba ta kai ko kusa da ta kilim ba, amma da damina ta sauka iska ta jiƙe amfaninsa ya ragu, sai dai ya ƙara maka gumi. Yana son taga a ɗan buɗe. In za ka sa shi a jadawali ka tabbata ruwan tankinsa zai kai ƙarshen lokacin, famfon ciki ba ya son gudu a bushe. A nan piriz mai ma'aunin zafi ya fi mai agogo: ka ce ya tashi a 33 ya mutu a 30. Kar ka matse tazarar, in ka sa digiri ɗaya kacal zai yi ta tashi yana mutuwa dare farai. Ma'aunin kuma a rataye shi daidai tsayin gado, nesa da taga da bakin iskar.

10. Gidan da nake akwai hitar ruwa ta bango, yaya zan yi ta daina kwana a kunne?

Bari mu yi lissafi. Ɗaga zafin lita ɗaya na ruwa da digiri ɗaya na cin wajen wat 1.16 na awa guda. Tanki mai lita 50, daga digiri 20 zuwa 60, ya kama kilowat 2.3, in hitar mai wat 1500 ce awa ɗaya da rabi ke nan da ɗan kai. To ka ga ba dalilin ta wuni ta kwana. Ni ƙarfe 3 da rabi take tashi, daidai bayan kilim ko wani abu mai nauyi ya mutu, ƙarfe 5 da rabi ta mutu, kuma tankin na riƙe zafin har masu wankan hantsi su samu. In kana tsoron a ɗauke wuta cikin dare ƙara mata awa ɗaya bayan isha'i, ruwan zai kai asuba da ɗuminsa.

In tana da waya mai kai da ake sokawa a piriz, mai ampa 16 ya isa. In kuwa wayarta ta shige bango kai tsaye, sai mai gyaran wuta da izinin mai gida. Tunda ya zo ka ce ya duba abu biyu, ko akwai wayar ƙasa a jikin hitar, don gidajen haya da yawa babu, da kuma ko akwai dijonkter mai yanke wuta in ta zube, mai miliampa 30. Waɗannan sun fi kowace manhaja muhimmanci, ruwa ne da wuta da mutum ba takalmi. Maɓallin zafin jikinta kuma a bar shi wajen 60, in ruwa na zama a tanki da ɗumi-ɗumi kawai ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a ciki. Randa aka ɗauke ruwan famfo kashe jadawalin, in tanki ya zama wayam ƙarfen ciki ƙonewa zai yi.

11. Ni hitar bokiti gare ni, wadda ake tsomawa, zan iya sa mata lokaci ta tashi kafin asuba?

A'a, don Allah kar ka yi. Bokitin lita 20 minti 20 zuwa 25 ya ishe shi da mai wat 1500, tashi ka kunna ka zauna kusa. In ta tashi kana barci, bokitin ya yoye ko wani ya ɗebi ruwan da dare, ƙarfen zai yi ja ya narkar da robar. Ko yaro ya fito fitsari ya tsoma hannu. Abin da kawai na yarda da shi shi ne akasin haka, kai ka kunna da hannunka, agogo ya kashe bayan minti 25 in ka shagala. Kuma a zare daga bango kafin a taɓa ruwan, ko da na'ura ta ce ta kashe.

12. Sanyin hunturu fa, hitar ɗaki ko gawayi?

Hitar ɗaki mai jan ƙarfe ko mai hura iska, masu ƙera ta da kansu suna rubutawa kar a haɗa ta da agogo ko wani abu mai kunna ta ba kowa a wurin. Ɗakunanmu kuma ka san su, gidan sauro, labule, katifar soso, kayan yara a ko'ina. Kunnawa da hannu, mita ɗaya tsakaninta da komai, ka kashe ta da hannu kafin barci ya yi nauyi. Mai mai a ciki wadda ba ta yin ja ta fi kwanciyar hankali in akwai jariri ko tsoho. Wasu kilim na da yanayin ɗumi mai alamar rana a telekomandi, in naka na yi to ya fi hita sauƙin wuta kuma ana sarrafa shi kamar a tambaya ta 8, sai dai da yawa da ake sayarwa nan sanyi kawai suke yi ko da alamar tana jikin telekomandin.

Gawayi kuwa wannan maganar rai ce. Garwashi a rufaffen ɗaki na fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, in yana barci ba ma zai ji ba. Wata shekara cikin Janairu maƙwabciyarmu mai jego ta shiga da kaskon wuta ta rufe ƙofa da taga saboda jariri, Allah ya sa ƙanwar mijinta ta leƙa da dare ta same ta ba ta iya ɗaga kai, aka buɗe ko'ina aka fito da su tsakar gida aka wuce likita. Sun tashi lafiya, amma har yau in na ga ana shiga ɗaki da kasko gabana faɗuwa yake. A ji ɗumin a waje ko ƙofa buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Toshe ƙasan ƙofa da tsumma da ƙarin bargo da safa ga yara sun isa mafi yawan darenmu.

13. Ba ni da wifi a gida, sai datar waya.

To tsaya kan mai agogo da mai ma'aunin zafi, ba su buƙatar komai. In kana son masu wifi, ƙaramin akwatin nan mai sim da batir ya wadatar, ko Airtel ko Moov ko Zamani, wanda ya fi kamawa a ɗakinka, datar da na'urorin ke ci ba ta taka kara ta karya ba. Batirin shi ne amfaninsa, wuta na dawowa piriz zai tarar da intanet na jiransa. Raba intanet daga wayarka ba ya yi, kana fita gida komai ya kurumce. Kusan dukkansu kan nau'in wifi mai 2.4 GHz kawai suke hawa, ba mai 5 GHz ba, in sun ƙi haɗuwa fara duba wannan. Masu son abin ya yi aiki cikin gida ko intanet ta yanke gaba ɗaya akwai Home Assistant, kyauta ce, ana ɗora ta a ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, amma tana son haƙuri da batirinta ita ma, ba da ita ake farawa ba.

14. Kwantar ɗaya muke rabawa da sauran ƴan haya, wannan zai taimaka?

Ƙwarai. Rigimar gidan haya rabi a kan faktir take, wane na da kilim, wance na da firiza tana sayar da ƙanƙara, kowa na ganin shi ake cuta. Akwai piriz mai wifi da ke ƙirga kilowat ɗin da ya bi ta cikinsa, ƙarshen wata ka buɗe waya ka nuna wa kowa, hitata ta ci kaza. Ba hukuma ba ce, NIGELEC, hukumar wutar Nijar, kwantarta kawai ta sani, amma tsakanin maƙwabta yana kashe zargi. Na biyu, in dijonkter na yawan faɗuwa, sau da yawa don abubuwa masu nauyi sun haɗu lokaci guda ne. In an saita shi a ampa 15, wat 3300 ne na gidan kaf, hita da dutsen guga da kilim ɗaya sun cinye. Ku zauna ku raba lokaci, agogo ya riƙe muku alkawarin.

15. Da gaske yana rage kuɗin wuta?

Ya danganta da abin da ka sa masa. Kilim mai doki ɗaya da rabi na cin sama da kilowat ɗaya a awa in kwamfireso na aiki. In ka rage masa awa 3 kowane dare, ko da rabin lokacin yake hutawa, ka tsira da kilowat 45 ko fiye a wata, ka ninka da farashin da ke kan faktirinka ka gani. Masu kwantar kati su sun fi saurin gani. A kan fanka kuwa ribar kuɗi ƴar kaɗan ce, jin daɗi ne kawai, kuma shi kansa piriz ɗin yana cin wajen wat ɗaya dare da rana. Wanke rariyar kilim duk mako biyu lokacin ƙura, da rataya tabarmar kaba ko zana a tagar yamma, wallahi wani lokaci sun fi na'urar tasiri.

16. Jadawalina ya goce da awa ɗaya cif, me ya faru?

Duba yankin lokacin da ke cikin manhaja. In wanda ya saita maka ya zaɓi Faransa saboda harshen faransanci, su suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, mu ba ma canzawa. Cikin hunturu lokacinmu da nasu ɗaya ne shi ya sa ba ka lura ba. Maida shi Yamai ko Legas. In ba awa ɗaya cif ba ne, gocewar na ƙaruwa kullum, koma tambaya ta 4.

17. Mahaifiyata na zaune tare da mu kuma ba ta amfani da babbar waya.

Kowane piriz na da maɓalli a jikinsa, nuna wa Inna shi, ka sa shi inda hannunta zai kai ba bayan kwaba ba, telekomandin kilim kuma ya zauna inda ya saba zama. Ɗakinta kar ka sa jadawalin da ba ta sani ba, jikin tsoho ba irin namu ba ne, abin da kake ji daidai ita sanyi ne. Manhajojin na ba da damar ƙara mutanen gida, ƙara uwargida da lambarta maimakon ka zama kai kaɗai ake kira kana wurin aiki.

18. In zan tashi daga gidan me zan yi?

Zare naka, ka goge sunan wifi na tsohon gida ta hanyar danne maɓallin jikin kowanne ƴan daƙiƙu har fitilarsa ta fara ƙiftawa da sauri, a sabon gida ka sake haɗawa. In akwai wanda aka sa a layin hita, kira mai gyaran wutar ya maida yadda yake a hoton da ka ɗauka, ko in Alhaji na so a bar masa ku yi ciniki, amma ka cire shi daga manhajarka tukuna, in ba haka ba wanda zai gaje ka zai iya shan wahalar haɗa shi da wayarsa, kai kuma kana can wata unguwa kana riƙe da makunnin bayin mutane. Sabon gidan kuma kafin ka soka komai duba irin ramukan bangon da ampa nawa aka saita dijonkter, ka sake lissafin tambaya ta 6 da ta 14 daga farko.